Abin da Muka Tona a Kufan Takadda

Tun a Tawa hankalina ya ƙi kwanciya da Alhaji Sidi.

Ni maginin rijiya ne, sana'ar da na gada wurin mahaifina a Tozai. Na san abin da ake saye in za a gina rijiya: siminti, rodi, ƙarfen zubi, igiya mai kauri. Yini guda muka yi muna bin Alhaji cikin kasuwar Tawa, ban ga ya taya ko buhun siminti ɗaya ba. Abin da ya saya rariyoyi ne na waya, da buroshi, da shinkafa, da jarkokin ruwa. A bayan motarsa kuma akwai wani dogon abu naɗe cikin bargo, wanda ya hana kowa ya taɓa.

Na ja Labbo gefe. Labbo ɗan kawuna ne, taubashina, ya ɗan girme ni, shi ne kuma ya samo mana aikin. A waccan shekarar 'yan bindiga sun hana mu gonakinmu na daji. Na kwashe matata Kulu da yara na kai su Isa gidan iyayenta, na zauna ba noma ba gina, don wa zai ba ka aikin rijiya a garin da mutane ke gudu? Ana haka Labbo ya zo da labarin wani Alhaji a Nijar da ke neman magina, wai wata ƙungiya ce za ta yi wa makiyaya rijiyoyi a arewacin Ingal.

Na ce, "Labbo, mi za a yi da rariya wurin ginar rijiya?"

Ya ce, "Kai Nomau ka cika bincike. Siminti shina can Agadas, can yaf fi sauƙi. Ko so kake a ɗauko shi tun daga nan mota ta karye muna a hanya?"

Bai dube ni ba da yake maganar. Labbo kuwa mutum ne mai tsare ka da ido in yana magana, ko da ƙarya yake yi. Ranar ce na fara ganin ya kau da kai.

Kafin mu bar Tawa Alhaji ya karɓe katunan shaidarmu, ya ce akwai shingayen jandarma da yawa a gaba, ya fi sauƙi su kasance hannu ɗaya. Ya zuba su cikin jakar da ba ta rabuwa da hammatarsa. Mutum ne mai fara'a, ba ya magana sai da "ɗan'uwana", turarensa na riga shi isowa wuri. Duk sanda ya ce mini ɗan'uwana sai in ji kamar ana auna ni.

A shingen Abalak wani jandarma dogo ya leƙo bayan mota inda muke zaune kan jarkoki. Ya ƙura wa fuskata ido. Ina da zuben Gobirawa, tsagar da ta taso daga gefen baki zuwa kunne. Ya daka mini tsawa.

"Kai! Wa ya yi maka wagga ɓarna ga huska? Sauko nan, bawana na kai!"

Na sauko. Na ce shi ke nan, an sayar da mu tun ba mu isa ba. Ya zagaye ni yana kallo, can sai ya fashe da dariya, ya ce shi Bazabarme ne, ashe Bagobiri bai san ubangidansa ba in ya gan shi? Sai a lokacin na tuna da wasan da ke tsakaninmu da Zabarmawa, wanda a wajenmu sai dai a ji a bakin tsofaffi. Ya tsiyaya mini shayi daga butar da ke kan garwashi, ya rage murya ya ce, "Ina za a kai ku?"

Ban buɗe baki ba Alhaji ya riga ya iso. Ya amsa da Faransanci, doguwar amsa, yana murmushi. Jandarman bai yi murmushi ba. Ya daɗe yana duban abin nan da ke cikin bargo, sannan ya ɗaga sandar shinge. Da za ni hau jandarman ya cusa mini dabino cikin aljihu.

Daga Ingal muka bar kwalta. Fili ne ja, shimfiɗe, ba tudu ba itace, ƙasar ta tsattsage kamar tafkin da ya ƙafe. Bazara ce, ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Direban Alhaji bai yi mana magana ko sau ɗaya ba, fuskarsa rufe da rawani. Na riƙa lura da rana don in san inda muka nufa, amma hanyar sai karkacewa take yi, har na kasa. Wayata ta daina kama sabis tun bayan Ingal da kaɗan.

Da muka tsaya, abin da na fara gani ruwa ne. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani falalen dutse, ya taru a kwari, ga sawun raƙuma da awaki ko'ina kewaye da shi.

Na ce, "Alhaji, ga ruwa bisa ƙasa. Rijiyar mi za mu gina?"

Ya ce, "Wanga ruwa da gishiri garai, ɗan'uwana. Mai daɗi muka nema."

Na tsuguna na ɗanɗana. Yana da ɗan zartsi, amma na sha wanda ya fi shi muni a rijiyoyin da na gina da hannuna.

Gaba da ruwan akwai wani fili mai faɗi, wanda ido ba ya kai ƙarshensa, cike da duwatsu. Da farko na ɗauka haka Allah ya zuba su. Da na taka ciki na ga a jere suke, layi-layi, da kusurwoyi, kamar tushen ɗakuna. Ko'ina ka sa ƙafa sakaina ce ta tsofaffin tukwane, da wasu baƙaƙen dunƙule masu nauyi irin kashin maƙera. Gari ne, babba, wanda ya mutu tun da daɗewa.

Alhaji ya kwance bargon. Na'ura ce irin ta masu neman zinari, mai faifai a ƙasa. Ya riƙa yawo da ita, in ta yi kuka kamar gyare sai ya aje dutse ya shafa masa farin fenti. Nan ne za mu gina. Ba mu taɓa wuce ƙugu ba yake cewa mu tsaya mu tankaɗe ƙasar. Cikin rariya muka riƙa samun duwatsun wuya masu launi, da guntayen jan ƙarfe sirara kamar tsinke, duk sun yi kore, da wasu 'yan kasake ƙanana da aka ƙona har suka yi gilashi a ciki. Alhaji ya goge kowanne da buroshi ya naɗe cikin auduga. Maganar rijiya ba wanda ya ƙara tayar da ita. Labbo kuwa har waƙa yake yi yana tankaɗe.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya ce za shi Agadas ya kawo siminti. Har lokacin siminti yake cewa. Ya nuna mana wasu sababbin duwatsu masu fenti can gefen gabas na kufan, ya ce kafin ya dawo mu gama da su, amma waɗannan mu yi zurfi. Ya bar mana shinkafa da jarka. Yana kan shiga mota ya juyo.

"Kada ku yi magana da kowa. Mutanen wurin ga ɓarayi na. In sunka san ku baƙi na ba takarda, sai dai a ji labarinku a Libiya."

Motar ta tafi da katunanmu.

Washegari tsohon ya bayyana. Ban ga zuwansa ba. Na ɗago daga rami kawai na hango mutum zaune kan wani dutse, nesa da jifa, da shuɗin rawani da amawali har hanci, sanda a gicciye kan gwiwoyinsa. Awakinsa na kiwo a bayansa, da taguwa ɗaya. Bai yi sallama ba, bai matso ba. Da rana ta karkata ya tashi ya kora dabbobinsa. Kashegari ya dawo kan dutsen nan. Haka kullum.

Labbo ya ce, "Ɗan leƙen asiri na. Shina jira mu tara, su zo su kwashe."

Ni ma haka na zata. Na daina aje dagina nesa da hannu, ko salla zan yi sai na kafa shi gabana. Amma gaskiya ba tsohon kaɗai nake tsoro ba. Na fara lura Labbo na ɓoye wasu abubuwan da ya samu cikin rariya a ƙugunsa. Na fara tuna yadda suke keɓewa shi da Alhaji bayan mota suna magana ƙasa-ƙasa. Kwano ɗaya muke ci, amma hirar gida ta ƙare tsakaninmu. Ina kewar Kulu da yara, ina kewar furar kasuwar Bafarawa da hayaniyar 'yan kabu-kabu, amma ba ni da wanda zan gaya wa.

Ranar da muka kai ga duwatsun gefen gabas, da hantsi, ni ne cikin rami. Na wuce ƙirji sai dagi ya bugi dutse. Na share da hannu. Falalan duwatsu ne a jere, an jingina su a karkace, an toshe tsakaninsu da laka. Na san wannan jerin. A Tozai in aka yi rasuwa ni ake kira in yi gina, sai dai mu da itace da tukwane muke rufewa. Duk da haka na ce bari in tabbatar. Na ɗaga ɗaya.

Mutum ne kwance bisa gefensa na dama, kai kudu, fuska gabas. Ƙasusuwan sun yi ja kamar ƙasar, ba abin da ya gusa daga wurinsa. Babu zinari, babu tukunya, babu komai tare da shi.

Ban san sanda na fito daga ramin ba.

Labbo ya leƙa ya ce, "To ɗaga sauran mana. Ƙarƙashinsu abin yake."

"Labbo, kabari na."

"Na sani. Na arnan da na. Alhaji ya ce da dukiyassu aka bizne su."

"Dubi inda yab ba gaba! Wane arne aka kwantarwa haka? Musulmi na, kamar ubanka, kamar uwata!"

Ya kau da kai. Sai maganarsa ta dawo mini.

Na ce, "Ka ce ka sani. Tun yaushe kas sani?"

Ya tsuguna yana wasa da ƙasa. "Tun gida."

"Tun gida."

"Da na hwaɗa maka da ba ka zo ba. Ni kau ban iya gina ba, kai ka iya. Nomau, ɗiyana na kwana da yunwa. Wanga da ke kwance shekara nawa da mutuwa tai? Mi za mu rage mai?"

Na ɗaga hannu za ni mare shi, sai na ga inuwa ta faɗo tsakaninmu. Tsohon ne, ya sauko daga dutsensa. Na yi wuf na ɗauki dagi. Bai ko dube ni ba. Ya tuɓe takalmansa, ya tsaya bakin ramin, ya yi wa mutanen kabari sallama da Larabci, irin wadda limaminmu ke yi in mun shiga maƙabarta. Sannan ya juyo ya yi mini Hausa, a hankali, kamar mai tauna kowace kalma.

"Aje ƙarhen ga. Sauka ka mai da dutsen yadda kat tarad da shi. Ni gwiwata ba ta sauka rami."

Na sauka. Ya riƙa miƙo mini laka da ya kwaɓa da ruwan salkarsa, ina toshewa. Muka mayar da ƙasa, ya yi addu'a, na shafa. Labbo yana can gefe zaune, ya ba mu baya.

Sunan tsohon Malam Alhusaini. A inuwar wata aduwa ya hura wuta ya ɗora shayi. Na zauna inda zan iya ganin hannuwansa duka biyu. Na tambaye shi, tunda ya san maƙabarta ce, me ya hana shi magana tun farko.

Ya ce, "Waɗanda sunka zo kahin ku na yi musu magana." Ya janye amawali ya nuna mini gefen bakinsa inda suka zubar masa da haƙora. "Na aika Ingal a gaya ma manya, har yau ba wanda yaz zo. Sai ni zamna in gani ko ku kun san abin da kuka tona. Da nig ga yadda kah hito ramin ga, na san kai ba ka sani ba."

Ashe duk kwanakin nan da nake auna shi, shi ma auna ni yake yi.

Na ce masa Buzu, ya ce shi ba Buzu ba ne, amma a wurinmu mutanen kudu duk mai amawali Buzu ne. Shi mutumin Ingal ne, kakanninsa kuma daga wannan kufan suka fito. Su suna kiran wurin Azelik, malamai na kiransa Takadda. Ya ce gari ne na Musulunci tun kafin a san Agadas, da masallatai da alƙalai da malaman da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsu. Ayari na zuwa daga Masar, na zuwa daga Mali. Mutanen garin ba sa noma. Jan ƙarfe suke tonowa, su narka shi cikin 'yan kasaken nan da muke tankaɗowa, su zuba shi sanda-sanda, da shi ake sayen nama da itace da hatsi.

Ya nuna fuskata da bakin sandarsa.

"Kai Bagobiri na. Kun san nan."

Na ce kakata takan ce daga Asbin muka fito, amma ni na ɗauka tatsuniya ce.

"Ba tatsuniya ba ta. Maƙwabtanmu ku ne, cikin duwatsun can na gabas, kahin ku gangara kudu. Ku kuna cewa da kanku kunka tashi, Buzaye na cewa korakku anka yi. Kowa da tashi. Bayan kun tahi ma ba a rabu ba. Jan ƙarhen garin ga ƙasakku aka kai shi, a kai shi Barno. Geron da wanga bawan Allah yac ci har yam mutu," ya nuna kabarin, "daga kudu yaz zo. Wata ƙila wani kakanka yan noma shi."

Na tambaye shi me ya kashe garin. Ya ce yaƙi, tsakaninsu da Agadas da ta taso daga baya, Musulmi da Musulmi. Waɗanda suka tsira kaɗan ne, suka koma Ingal da wurin gishiri. Wasu kuma na cewa jan ƙarfen ne ya ƙare kafin yaƙin. Shi dai abin da ya ji ke nan.

Na ce, "To, Baba, kenan zaman lahiya anka yi tsakaninmu da ku."

Ya ɗan yi dariya. "An yi ciniki, an yi aure, an yi karatu. An kuma kama juna an sayar. Duka an yi."

Da na so bai faɗi ta ƙarshen ba.

Kashegari da la'asar motar ta dawo, ba siminti. Alhaji ya ga ramin a rufe, ya ga tsohon zaune kusa da ni, fara'ar nan ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Na ce masa ba za ni ƙara tona ba, ya ba ni katina in koma gida.

Ya ce, "Wane kati? Ni ban san ka ba. In jandarma sunka zo yanzu, wa za su tarar da dagi a hannu cikin kaburbura? Ɗan Najeriya, ba takarda. Ni ko mai mota na, na biyo hanya." Ya buɗe ƙofa. "Akwai wani wuri arewa da nan, ba tsoho ba mai kallo. Mai zuwa shi shigo. Wanda ba shi zuwa, ga daji nan."

Labbo ya tashi ya ɗauki jakarsa.

Na riƙe masa hannu. "Labbo, mutumin ga da yac ce bai san ni ba, gobe kai za shi ce ma haka."

"Kai kuma za ka bi wanda ba ka taɓa ganin huska tai duka ba." Ya fizge hannunsa. "Ba ni komawa Isa hannu wohi, Nomau. Ba ni iyawa."

"Mi za ni ce ma Kawu?"

"Ka ce mai ina aiki."

Ya ɗauki dagina ya jefa bayan mota, ya hau. Na tsaya ina kallonsu har motar ta zama ɗigo. Bai waiwayo ba, ko kuwa ya waiwayo ban gani ba.

Da asuba Malam Alhusaini ya ɗora salka kan taguwa ya ce in biyo shi. Muna tafiya na lura rana na fitowa ta bayanmu. Gida kudu yake, mu kuwa yamma muka nufa. Maganarsa ta shekaranjiya, ta kama juna a sayar, ta dawo mini, da ta Alhaji ta Libiya. Ga ni ba kati, ba dagi, ba wanda ya san inda nake a duniya sai mutanen da suka bar ni. Na riƙa jan ƙafa ina barin tazara tsakaninmu. Na tsinci wani dutse mai kaifi na riƙe cikin hannun riga. Duk ƙurar da na hango nesa sai in ce ga masu sayena nan.

Da rana ta take ya tsaya, ya miƙo mini salka. Bai juyo ba ya ce, "Kudu kai tsaye ba ruwa sai Ingal, da ƙahwa ba ka kai. Sha. Dutsen ga kuma in ya yi maka nauyi ka yar, ba ni waiwaya."

Na sha. Dutsen dai ban yar ba sai da na hango gari.

Tagidda ce, garin gishiri. Ban taɓa ganin irinsa ba: ɗaruruwan 'yan tafkuna zagayayyu a jere kan dutse, wani ja, wani ruwan ƙasa, wani fari fat, mutane na kai da kawo tsakaninsu da tulunan fata. Ya kai ni gidan ƙanwarsa, wata dattijuwa da ba ta jin Hausa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kira jikokinta ta shigar da su ɗaki, sannan ta kawo mini fura da cuku. Tabarmata a waje take, kusa da ƙofa, kuma na lura kullum sai ta ƙirga awakinta da safe tana satar kallona. Ban ji haushi ba. Da ni ne ita haka zan yi.

Suna da rijiyoyin ruwan gishiri da suka cushe. Na ari kayan aiki na yashe musu, aikin da na baro gida dominsa ke nan, sai a nan na yi shi. Gishirin ya cinye mini tafin ƙafa har ya tsage. Dattijuwar nan ce ta riƙa aje mini man shanu bakin tabarma, ba ta taɓa miƙo mini a hannu ba. Da motar ɗaukar gishiri ta zo, Malam Alhusaini ya yi magana da direban ya ɗora ni bisa buhuna. Na so in yi masa doguwar godiya, ya katse ni, ya ce in na isa in gaya wa Gobirawa su daina zuwa tona maƙwabtansu.

Daga Ingal zuwa Tawa, zuwa Madawa, duk a ɓoye na yi su, ina sauka kafin shinge in zagaya ta daji in tari motar a gaba. A kowace tasha na tambayi labarin wani Alhaji mai turare da wani ɗan Najeriya mai zube irin nawa. Ba wanda ya gan su, ko kuwa ba wanda ya yarda ya ce ya gan su. Ta hanyar daji ɗan kabu-kabu ya shigo da ni Sabon Birni, ana ta shirin shuka.

Kulu ta yi kuka da ta gan ni. Ban ko zauna ba na wuce unguwar da Kawu Barmo ke zaune, don shi ma gudun ya kawo shi Isa. Na tarar da shi a zaure yana gyaran kalme na noma. Ya amsa gaisuwata yana duban bayana, yana jiran mutum na biyu ya shigo. Matar Labbo ta leƙo daga cikin gida da goyo, ta tsaya.

"Ina ɗan'uwanka?"

"Shina can, Kawu. Shina aiki."

"Aikin mi?"

Kawu ne ke wankan gawa a Tozai tun ina yaro. In na gaya masa aikin da ɗansa ya zaɓa da saninsa, ban san ko zai ƙara ɗaga kai cikin mutane ba.

Na ce, "Gina."

"Labbo bai iya gina ba. Kai ka iya. Ƙaƙa anka yi mai iyawa yad dawo, wanda bai iya ba yaz zamna?"

Ya aje kalmen. Ya dubi ƙafafuna da suka tsage, ya dubi hannuwana, ya daɗe yana duban hannuwana.

"Ku biyu kunka hita gidan ga, Nomau. Da rai kab bar shi?"

"Da rai, Kawu. Wallahi da rai."

"Dube ni ka hwaɗi."

Na dube shi na sake faɗi. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗauki kalmensa ya ci gaba da gyara. Matar Labbo ta saki labule.

Damina biyu ke nan yanzu, ba waya, ba saƙo. Kawu bai taɓa zargina da baki ba. Yana amsa gaisuwata, ya zo sunan ɗana. Amma in muka haɗu a masallaci, na lura ba ya yarda in tsaya a bayansa.